Filin Lafiya: An ajiye jinina gefe, sida ce ake ɓoye mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni ɗan kabu-kabu ne a nan Maraɗi, shekarata 27. Matar wana ta zubar da jini wajen haihuwa, aka ce mu kawo masu ba da jini, mu uku muka je. An yi amfani da na mutum biyu, ni kuwa aka ja ni gefe aka ce ina da hepatit B, wato ciwon hanta na B, in dawo in ga likita. Har yau ban koma ba. Ko ciwon kai ba na yi, idona bai taɓa yin shawara ba, kuma Allah shaida ban san mace ba. Abokai suna ta raɗa wai sida ce ake ɓoye mini. Ga aurena bayan kaka. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya ba matar wanka lafiya, ya raya abin da aka samu. Maganar abokanka ka yar da ita. Kowace ledar jini ana yi mata gwaji huɗu, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tanada: sida, ciwon hanta na B, ciwon hanta na C, da tunjere. Kowane gwaji da sakamakonsa, kuma ma'aikacin lafiya ba ya lulluɓe wata cuta da sunan wata. Abin da aka faɗa maka shi aka gani.

A shekarun da na yi a ɗakin gwajin jini, yawancin ledojin da muke ajiyewa gefe hepatit B ce ke sa mu ajiye su, sida kuwa jefi-jefi. Wani bincike da aka wallafa a 2013 kan masu ba da jini a Yamai ya samu kusan mutum 15 cikin 100 da wannan ƙwayar cuta, masu sida ba su kai 2 ba, masu hepatit C ma haka. Ke nan a duk tashar kabu-kabu da wuya a rasa mai ita, cikin masu yi maka raɗar ma ba mamaki akwai, gwaji ne kawai bai biyo ta kansu ba. A duniya, ƙiyasin hukumar na 2022 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita.

Na yarda da kai cewa ba ka san mace ba. A yankinmu yawanci tun ana goye ake ɗauka: daga uwa lokacin haihuwa, ko tsakanin yara ta gyambo da rauni, ko askar wanzami guda da ta yi wa jarirai da yawa cirar belu da kaciya, ko ƙaho, ko allurar da aka maimaita. Ƙwayar tana iya yin kwana 7 a busasshen jini ba ta mutu ba. Jaririn da ya kamu, cikin 10 kusan 9 takan zauna musu har girma, babba kuwa galibi jikinsa kan kore ta da kansa. Rigakafinta sai a 2008 ya shiga alluran yara a Nijar, kai lokacin ka riga ka yi wayo. Laifin me ka yi?

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne "ban koma ba". Wannan ciwo kamar gara yake, yana ci daga ciki katanga na tsaye. Na ga magidanta ƴan shekara 40 an kawo su ciki ya kumbura, hanta ta ƙanƙance ko sankara ta kama ta, alhali an gaya musu tun suna samari. Ka koma. Za a duba lafiyar hantarka da yawan ƙwayar a jini, a sake gwaji bayan wata 6 don a tabbatar ta zauna ne. Ba kowa ake ɗora wa magani ba, wasu bibiya kawai suke bukata. Wanda yake bukata akwai tenofobir, ƙwaya ɗaya a rana, tana danne cutar ta tsare hanta, ko da yake ba ta tumɓuke ta. Ka kiyayi giya, ka kiyayi jiƙe-jiƙen masu lasifika a kasuwa da ke cewa suna wanke hanta, don ita hantar ce za ta sha wahalar tace su.

Aure ba fashi. Amma ka gaya wa amaryar, a gwada ta tun yanzu, in ba ta da shi a fara mata rigakafi: allura 3, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6. Kafin ta kammala ku yi amfani da kwaroron roba. In Allah ya kawo rabo, a nemi allurar farko ga jariri cikin awa 24. Inna da ƴan uwanka na ciki ɗaya su ma a gwada su. Cin tuwo kwano ɗaya, shan fura ludayi ɗaya, gaisawa, duk ba sa yaɗa ta, kada kowa ya ware maka kwano. Reza, abin yankan farce da buroshin haƙori ne naka kai kaɗai.

Jini dai ba za ka ƙara bayarwa ba. Sai dai kana da babur kana da abokai. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro na zuƙe jinin yara, ana kawo su daga Madarunfa, Gidan Rumji da Tibiri tafin hannu fari fat. Ka ɗauko masu raɗar nan ka kai su cibiyar ƙarin jini, su taimaki yaro, su ma su san matsayinsu.

TAMBAYA: Hajiya, tunda ana gwada jinin, me ya sa ake yi mana tambayoyin kunya kafin a ɗiba? Daga wata malamar makaranta, Tasawa.

AMSA: Ƙanwata, saboda gwaji ba ya ganin cutar da ta shiga jiki shekaranjiya. Sai ta yi makonni kafin ta bayyana, a tsakanin nan kuma jinin na iya harbin wanda aka ƙara wa. In an yi miki ƙaho, tsaga ko ƙarin jini kwanan nan, ki faɗa, za a ɗaga miki zuwa wasu watanni ki dawo. Amsarki ba ta fita daga ɗakin.