Hukuncin Aikin Barga Ba Tare Da Yanke Lada Ba

Tambaya: Malam, shekara uku ina kula da dawakin wani ɗan wasan folo a nan Jos. Ni ne wanka, ni ne harawa da dusa, ni ne ɗaura sirdi. Ba mu taɓa yanke albashi ba, abin da ya ga dama yake miƙo mini. Wasu kuma suna cewa kuɗin haram ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Ɗana, sana'arka halal ce. Allah Ya ambaci dawaki cikin ni'imominSa a Suratun Nahli, aya ta 8. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya sa an yi sukuwa da horarrun dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, wurare biyu a Madina. Horar da doki kuwa aikin ɗan barga ne irinka. Abin gudu shi ne caca: kada ka zuba kuɗi kan doki, kada ka karɓar wa masu zubawa.

Inda gyara yake shi ne zamanku ba ciniki. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a ijara, wato ɗaukar ma'aikaci da lada, a san lada, a san wa'adi ko aikin. "Zan riƙa ganinka" bai cika wannan sharaɗi ba. Shekaru ukun da suka wuce kana da ladan misali, wato abin da ake biyan irinka a bargogin Jos. A cire abin da ka karɓa, a cika maka saura. Kyautar da baƙi ke ba ka ranar wasa ko hawan angwanci taka ce, ba a lissafa ta cikin albashi.

Abin yana ci mini rai. Na ga yaron barga da asuba cikin sanyin Jos, hannu duk faso, yana goge dokin da aka lulluɓe da bargo, shi ko rigar sanyi babu. Maigida ya tuna hadisin ƙudusi na Bukhari: wanda ya ɗauki ma'aikaci, aiki ya cika, ya hana shi ladansa, Allah ne abokin husumarsa ranar ƙiyama.

Ka sami maigidanka cikin ladabi da dattijo guda, ku yanke na wata, ku rubuta. Ku faɗi wanda zai ɗauki nauyin abinci da magani in doki ya harbe ka. In doki ya mutu ba da sakacinka ba, babu ramuwa a kanka, domin kai amintacce ne.

Kuma ka ƙara hannu: gyaran kofato, ɗinkin sirdi, horar da sabon doki. In kana da takardar sakandare, ga kwalejin lafiyar dabbobi ta tarayya nan a Vom, kusa da kai.

Allah ne Mafi sani.