Zan kai ɗalibaina mata ziyara banki, amma iyaye na ɗari-ɗari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, ina koyar da darasin kasuwanci. Shugabar makaranta ta amince in kai ɗalibai banki su ga yadda ake aiki, sai wasu iyaye suka ce ba za a kai musu 'ya'ya gidan riba ba. Ni kuma ina gudun a je a sha lemo, a ɗauki hoto, a dawo hannu rabbana. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka miki da alheri. Zan fara da maganar lemo da hoto, don ita ta fi damuna. Na yi shekaru a sashen binciken kuɗi na wani banki, na ga irin wannan ziyara ba sau ɗaya ba. A jera yara a zaure, manaja ya yi jawabi da Turanci, a raba biro da littafi, shi ke nan. Yarinya ta koma gida tana zaton aikin banki bai wuce ƙirga kuɗi a bayan gilashi ba.

Don haka a cikin wasiƙar da za ki rubuta musu, ki faɗi ofisoshin da kike so a shiga. Su ga masu tantance bashi, waɗanda ke duba littafin ɗan kasuwa su gane ko zai iya biya. Su ga odita, wato masu binciken lissafin kuɗi, su ga masu kula da kwamfuta da ke bin sawun 'yan damfara. Abin da ya fi duka kuma, ki roƙi a haɗa su da ma'aikata mata, in da hali Hausawa, masu aure da 'ya'ya, a ɗaki ɗaya ba tare da manaja ba. A nan ne bakinsu zai buɗe: Anti, ƙarfe nawa kike tashi? Ana barin ki da hijabi? Maigida bai hana ba? Waɗannan su ne tambayoyin da ke ransu, kuma ba za su yi wa namiji mai kwat ba.

Ki ce wa matan su faɗi gaskiya, har da mai ɗaci. Da yawa daga masu zama a kanta ma'aikatan kwantiragi ne, masu tallan banki kuma ana ɗora musu adadin kuɗin da za su kawo, in ƙarshen wata ya zo a kai dare a ofis. Gara su ji tun yanzu.

Wane aji za ki ɗauka? Na san 'yan ajin ƙarshe ake so a kai, amma su bakin alƙalami ya kusa bushewa. 'Yan aji 3 na ƙaramar sakandare da 'yan aji 1 na babba su ne ba su gama zaɓen darussa ba. Su ji daga bakin mai aikin cewa ba a karanta akanta ba tare da kiredit a lissafi da Turanci ba, kuma a JAMB sai da lissafi da ilimin tattalin arziki. Akwai ma jarrabawar ATS, matakin farko na zama akanta a ƙarƙashin ICAN, hukumar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, wadda ake iya farawa da sakamakon sakandare, abin da ɗalibai kaɗan ne suka sani. Tunda a Zariya kuke, ki tuna musu cewa Hajiya Zainab Shamsuna Ahmed, ministar kuɗi daga 2018 zuwa 2023, a nan ABU ta karanta akanta.

Batun iyaye kuwa, kada ki ja da su, damuwarsu tana da tushe. Ki sauya wurin zuwa kawai. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 ba tare da kuɗin ruwa ba, TAJ ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. A can yara za su ji yadda murabaha take, wato banki ya sayi kaya ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, su ji ijara, wato banki ya sayi kaya ya ba da su haya, su ji sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, irin na naira biliyan 100 da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 don gina hanyoyi. Jami'ar Bayero ma tana da cibiya guda ta koyar da wannan fanni na bankin Musulunci. Kuma harkar kuɗi ba a banki ta tsaya ba, akwai kamfanonin fansho, da takaful, wato inshorar Musulunci, da ofishin akanta janar na jiha. Ki gayyaci iyaye mata biyu cikin waɗanda suka fi nuna ƙi su raka ku. Abin da za su faɗa a unguwa ya fi takardar makaranta tasiri.

Sauran ƙanana ne. Ki aika wasiƙa da wuri, ki karɓi izinin iyaye a rubuce, ki kauce wa Litinin da ƙarshen wata, ki raba yaran rukuni-rukuni kada su wuce 15 a shiga ɗaya, kuma ki gargaɗe su ba a ɗaukar hoto a ciki sai da izini. In kun dawo, ki ba su littafin cinikin shagon makaranta na wata guda su fitar da riba ko faɗuwa. Wadda kika ga ta ƙi tashi sai lissafin ya daidaita, ki karɓo mata lambar ɗaya daga cikin matan da suka yi musu magana.