Shin Adawa da Tsuke Bakin Aljihu Tana Taɓa Yin Nasara?

Tambaya daga wani mai karatu a Katsina: Assalamu alaikum. Ina jin labarin ƙungiyoyin masu ra'ayin kare talakawa da ke adawa da matakan tsuke bakin aljihu, amma abin da nake gani shi ne a fito a sha barkonon tsohuwa, a koma gida farashi yana nan inda yake. Shin akwai inda irin wannan gwagwarmaya ta taɓa sa gwamnati ta janye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai, kuma ba sai ka yi nisa ba, domin a maƙwabciyarka Jamhuriyar Nijar abin ya faru a shekarar 2005. A farkon wannan shekara gwamnatin Shugaba Mamadou Tandja, wadda ke neman ƙarin kuɗin shiga a ƙarƙashin shirinta da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta ɗora harajin kashi 19 cikin ɗari a kan fulawa da madara da sukari da ruwan famfo da wutar lantarki, a ƙasar da fari da ɗango suka riga suka cinye amfanin gonarta na 2004.

Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago da na kare masu saye suka haɗu a gamayya guda ta yaƙi da tsadar rayuwa, Nouhou Arzika yana jagoranta. Ranar 15 ga Maris dubban jama'a suka cika titunan Yamai. Da hukuma ta hana sake yin jerin gwano, sai gamayyar ta ce kowa ya zauna a gida. Aka wayi gari rumfunan kasuwa a garƙame, 'yan tasi ba su fito ba, kuma Maraɗi da Damagaram da Tawa suka bi sahu. An kama jagororin, ciki har da Arzika da Marou Amadou da Moussa Tchangari, aka tuhume su da yi wa tsaron ƙasa zagon ƙasa, amma cikin watan Afrilu aka sake su, gwamnati ta cire harajin daga kan fulawa da madara, ta kuma sassauta wa masu ƙaramin ƙarfi na ruwa da wuta.

A ganina abin da ya ba su nasara shi ne buƙatarsu guda ce, wadda mai tuyar ƙosai da malamin makaranta duk suka fahimta, sannan sun zaɓi makamin da ba ya ba jami'an tsaro wanda za su doka. Ku ma a Arewacin Najeriya kun san irin wannan, tunda gwamnatocin jam'iyyar PRP na Kano da Kaduna sun soke haraji da jangali a 1979 bayan dogon fafutukar da ta faro tun zamanin jam'iyyar NEPU.

Sai dai ina so ka lura da abin da ya biyo baya, domin shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Watanni kaɗan bayan wannan nasara, iyaye mata suna layi a cibiyoyin ciyarwa na Maraɗi, goye da yaran da tamowa ta kama, alhali gero yana jibge a kasuwa. Kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin manomin da ya sayar da hatsinsa da arha a kaka don biyan bashi, ya dawo yana nemansa da tsada a tsakiyar damina. Hukuma ta daɗe tana sayar da hatsi a farashi mai rahusa kafin a yarda da rabon kyauta, kuma wanda ba shi da ko sisi, rahusa ba ta amfane shi da komai ba.

Shi ya sa ƙungiyoyin ƙananan manoma irin su La Via Campesina, waɗanda suka taru a Selinge ta ƙasar Mali a 2007, suke cewa rage haraji bai wadatar ba. Suna neman manomi ya mallaki gonarsa da irinsa, a kafa rumbunan ajiyar hatsi a ƙauyuka, gwamnati kuma ta riƙa sayen amfanin gona da daraja a lokacin girbi kafin 'yan kasuwa su kwashe shi.