Amsa ga 'yar'uwar da ƙaninta ke son barin ɗinki ya koma fim

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na ga tambayarki tun jiya, cewa ƙaninki zai rufe shagon ɗinkinsa ya shiga fim, kina son sanin ko irin waɗanda ke fitowa a maigadi ko ɗan sanda ko kawun amarya suna samun na rufin asiri. Ni na yi wajen shekara tara ina bin lokeshan, wato wuraren ɗaukar fim, a Kano, aikina riƙe littafin kwantinuwiti, wato in tabbatar hular da jarumi ya shiga ɗaki da ita da ita ya fito. In an rasa mai fitowa a direba ko masinja, sai a ce in cire jaka in shiga. Don haka ba labari aka ba ni ba.

Ƙaramin ɗan wasa ba shi da albashi, kuma ni ban taɓa ganin an ba shi takardar yarjejeniya ba. Da sin, wato kowace fitowa da ya yi a cikin fim, ake lissafinsa, kuɗin ma ba a kiransa lada, sai dai a ce "a sallami Baba". Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi, kullum a liman ko mai unguwa yake fitowa. Ranar da muke aiki a wani gida a Nasarawa GRA, ya zo tun ƙarfe tara da babbar rigarsa a leda, don ƙananan 'yan wasa su ke zuwa da kayansu. Ya zauna gindin darbejiya yana jan carbi, muna ta jiran jaruma. Sai da aka yi la'asar ta iso, dole aka fara da nata saboda za ta wuce wani aikin. Sin ɗinsa biyu ba a ɗauka ba sai bayan isha'i. Ni aka damƙa wa ambulan ɗinsa, dubu uku ce a ciki. Na raka shi titi muka tare a-daidaita-sahu, yana shiga wata mata ta ce, "Lah, Baba na fim! Yau kai za ka biya mana." Ya yi dariya, ya biya wa mutum uku.

Abin da mutane ba su gane ba ke nan. Fuskarka ta yi suna, aljihunka bai sani ba. Ba ka isa ka tsaya ciniki a kasuwa ba, a biki kuma maroƙi kai zai fara kama wa suna.

Kina iya tuna surutun da aka yi a 2022, lokacin da Ladin Cima ta faɗa wa BBC Hausa cewa 'yan dubbai kaɗan ake ba ta a fim, bayan shekarun da ta kwashe tana wasa tun zamanin wasan kwaikwayon talabijin. Wasu manya suka fito suka musanta, kowa da hujjarsa. Ni dai ban yi mamaki ba. Ga kuma marigayi Karkuzu a Jos, wanda duk Arewa ta san muryarsa, amma da tsufa ya zo ido ya tafi, sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya saya masa gida.

Ba kuma duka laifin furodusa ba ne, gaskiya ɗaya ce. A zamanin kaset da faifan CD, fim na fita 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata za su ɗauka, kuɗi na juyawa. Da masu tura fim a waya suka zo, a ba ka fim biyar da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, kasuwar ta mutu murus. Furodusan da bai mayar da uwar kuɗinsa ba, wa zai fara matsewa? Ba jarumin da sunansa ke sayar da fim ba dai. Sannan sana'a ce da rana ɗaya za a iya tsayar da ita. A 2007 an dakatar da ɗaukar fim a Kano na watanni. Manya suka tattara suka koma Kaduna, mu kuma muka zauna a Zoo Road, matattarar 'yan fim a Kano, muna kallon juna.

Finafinai masu dogon zango sun ɗan gyara lamarin. Tun da Arewa24 ta fara a 2014 ta kuma kawo shiri irin Daɗin Kowa, sannan na YouTube suka biyo baya, ƙaramin ɗan wasa kan samu rol ɗin da zai riƙa dawowa duk mako. Amma ranar da marubuci ya ga dama ya tura ka ƙauye ko ya kashe ka, shi ke nan.

Cikin waɗanda muka fara tare, masu rufin asiri yau su ne masu wata sana'a a hannu: editin, ɗaukar sauti, haska fitila, kwalliya, ko shago a kasuwa. Shi ya sa da kika ce tela ne na ji daɗi. Kowane fim yana buƙatar mai kula da sutura, kayan dogarai kaɗai aiki ne. Ya shiga ta wannan ƙofar, kekensa na aiki, darakta na ganin fuskarsa kullum. Ya yi rijista da ƙungiya da Hukumar Tace Finafinai kamar kowa.

Ki kuma zaunar da shi ki tambaye shi wa ya yi masa alkawarin rol, kuma ko an ce ya kawo kuɗi. In an ce ya kawo, kada ya ba da ko sisi. Ni da kaina na taɓa ba wani dubu goma a farkon shigata, har yau fim ɗin bai fito ba.