Shawarwari ga manoma: an zuba 'ya'yan kifi a dam, yaushe za a fara kamu?

Wasiƙun da suka taru a wannan karon duk maganar kifi ce, kuma yawancinsu daga Amurka suka fito, daga 'yan'uwanmu da ke aiki a gonaki masu ƙananan madatsun ruwa. Kifi ɗaya suke tambaya a kansa, wato bas ruwa-biyu, wanda masu fatsa na can ke kira waifa. Zan fara da wadda ta fi nuna damuwa.

Daga jihar Oklahoma: "Malam, maigidana ya zuba 'ya'yan bas ruwa-biyu guda 300 a dam ɗin gonarmu mai faɗin eka 12 a watan Yuni, ya ɗora mini alhakin kula da su. Tsawonsu bai wuce yatsa ba a lokacin. Yau wata huɗu ke nan ina jefa ƙugiya, ko ɗaya ban kama ba. Sun mutu ne? In suna nan, yaushe za a fara kamu?"

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka naɗe fatsar nan ka ajiye tukuna. Wanda ya dasa mangwaro bana ba ya zuwa gindinsa da kwando baɗi. Wannan kifi haɗi ne na iri biyu: bas mai zane, babban kifin teku da ke hawowa kogunan gabashin Amurka ya yi ƙwai, da kuma farin bas, wanda ƙarami ne kuma a tafkuna da koguna yake zaune. A jihar Karolina ta Kudu aka fara haɗa su, a tsakiyar shekarun 1960. Ya ɗauko girma daga ɗaya, ya ɗauko jurewa ruwan ɗumi daga ɗayan, kuma za ka gane shi da zanen gefen jikinsa, wanda yake a kakkarye maimakon ya miƙe. In abinci ya wadata, a shekarar farko yakan kai wajen kwatan kilo ko sama da haka kaɗan. Tsakanin wata 18 da shekara biyu yakan doshi kilo ɗaya, kuma a nan ne kamu yake farawa. A shekara ta uku da ta huɗu ne za ka ji daɗinsa sosai. Mafi girman da aka taɓa kamawa da fatsa ya haura kilo 12, a tafkin Greers Ferry na jihar Arkansas a 1997, amma wancan tafki ne makeke, kada ka auna dam ɗinku da shi.

Rashin ganinsu bai nuna sun mutu ba. Ba kifin gefe ba ne mai laɓewa a ciyawa ko a gindin kututture. A tsakiyar ruwa yake yawo, garke guda, yana bin ƙananan kifaye. In kana son tabbatarwa, samo abincin kifi mai yawo a saman ruwa, ka riƙa watsa ɗan kaɗan a wuri guda kullum da la'asar sakaliya. In a inda aka ƙyanƙyashe su an sabar musu da irin wannan abinci, cikin mako biyu za ka ji suna faɗo masa da ƙarfi har ruwa na fantsama.

Abin da ya dame ni a wasiƙarka shi ne girman da aka zuba su. Ba ka faɗa mini abin da ke cikin dam ɗin tun farko ba. In akwai manyan bas mai faɗin baki, wanda da wuya a rasa shi a dam ɗin gona a yankinku, to ɗan kifi mai tsawon yatsa abincinsa ne, kuma kashi mai yawa ya tafi tun makon farko. Dam mai tsofaffin kifaye masu farauta, 'ya'ya masu inci 6 zuwa 8 ake zuba masa. Sun fi tsada, amma su ne ke rayuwa. Sai kuma maganar abinci. A manyan tafkuna wani ƙaramin kifin can mai suna shad suke ci. In babu shi a naku, dole a ciyar da su da abinci mai furotin kashi 40 cikin 100 ko fiye. Kada ka ɗebo shad daga wani tafki ka zuba da kanka. Akwai irinsa da ke saurin fin ƙarfin bakin bas, ya cika ruwa ya hana kowa sakat, kuma jihohi da dama suna da doka a kan ɗaukar kifi mai rai daga wani ruwa zuwa wani. Tambayi jami'an kifi na jiharku kafin ka taɓa.

Wani kuma ya tambaya wane abu ake sa wa ƙugiya in lokaci ya yi. Hantar kaza ko shad, da sassafe ko gab da magariba, a gefen da iska ke kaɗo ruwa, kuma duk inda ka ga tsuntsaye suna shawagi suna faɗawa ruwa, can garken yake.

Daga jihar Kansas an tambaye ni ko za su hayayyafa. Ba alfadari ba ne gaba ɗaya, domin macen tana yin ƙwai, amma a dam ƙarami da wuya abin ya kai ga 'ya'ya. Yawancinsu ba sa wuce shekara biyar zuwa bakwai, don haka a riƙa ƙara sababbi duk shekara biyu ko uku. A duba mafitar ruwa kuma, domin kifi ne mai bin ruwa mai gudu, kuma ambaliya guda tana iya fitar da garke. A sa shinge na sandunan ƙarfe a kwance, ba raga mai ƙananan idanu ba, don raga tana toshewa da shara ruwa ya hau kan bangon dam ya cinye shi.

Yanzu ga wasiƙar da ta ɓata mini rai, daga jihar Texas: "Gansakuka da ciyawa sun rufe mana dam a watan Agusta. Muka sayi maganin kofa salfet muka zuba a ko'ina rana ɗaya. Ciyawar ta mutu, amma bayan kwana uku kifaye suka taso matattu, har da bas ɗin da aka zuba bara. Wane magani za mu sayo don ceton sauran?"

Babu wani magani, Malam. Magani ne ya kawo ku nan. Na rasa sau nawa zan faɗi wannan magana, a nan gida da can waje duk kuskuren ɗaya ne. Kifi iskar oksijin da ke narke a ruwa yake shaƙa, kuma ruwan zafi ba ya riƙe ta da yawa. Ruwa mai sanyin digiri 10 yana iya riƙe wajen miligiram 11 a kowace lita, mai zafin digiri 30 kuwa bai kai 8 ba. Da rana, gansakuka da ciyawa su ne ke samar da iskar. Da dare su ma shaƙa suke yi, shi ya sa ta fi ƙaranci gab da asuba. To kun zo a watan da ya fi kowane zafi, kun kashe masu samar da iskar gaba ɗaya, kun bar tulin ciyawa yana ruɓewa a ruwa, ruɓewar kuma ita ma iska take ci. Da zarar ta yi ƙasa da miligiram 2, mutuwa ta fara, kuma manyan kifaye ke fara tafiya. Bas ruwa-biyu yana cikin waɗanda ba sa jurewa. Tarwaɗarmu tana da wata gaɓa da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take rayuwa a kwatami. Shi ba shi da wannan.

Na taɓa ganin irin wannan da idona a wani ƙaramin dam na ƙauye, bayan an fesa maganin ciyawa a bazara. Na isa bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Saman ruwan duk bakunan karfasa ne, suna buɗewa suna rufewa, ko motsin mutum ba ya korar su. A gefen da iska ta kaɗa kuwa matattun kifaye ne jere, fararen cikunansu a sama, kamar an shanya, yara suna tsinta a kwano. Wani dattijo cikin masunta ya tsaya da komarsa a kafaɗa bai ce uffan ba. Kamun shekara biyu ne ya tafi a dare ɗaya, kuma da kuɗi aka sayi maganin.

Abin yi yanzu shi ne a motsa ruwan. In akwai injin ban-ruwa, a sa bututunsa ya ja daga saman ruwa, ba daga ƙasa ba, ya fesa sama ya faɗo, daga tsakar dare har hantsi. A dakatar da ciyarwa na 'yan kwanaki, a kwashe matattun kifaye da ruɓaɓɓiyar ciyawa. Nan gaba, in dole sai an sa magani, a yi shi kafin zafi ya kankama, a kan kashi ɗaya cikin huɗu na dam kawai, a jira mako biyu kafin a taɓa wani ɓangaren. Kofa salfet ɗin ma kansa guba ne ga kifi in ruwan ba shi da sinadarin farar ƙasa sosai, don haka sai an auna ruwa kafin a zuba. Amma ni tambayata ita ce, me ke ciyar da ciyawar? Kashin shanun da ke shiga su sha ruwa, da takin zamanin da ruwan sama ke wankowa daga gona. A kewaye dam da shinge, a ja wa dabbobi ruwa zuwa kwamin sha, a bar zirin ciyawa mai faɗi tsakanin gona da bakin ruwa. Wanda bai yi wannan ba zai sayi magani bana, ya saya baɗi, ya saya baɗin waccan.

Wasiƙa ta ƙarshe daga nan gida take, daga wani Alhaji a jihar Kano da ya ga bidiyon wannan kifi, yana tambaya ko zai iya shigo da 'ya'yansa ya zuba a dam ɗin garinsu. Alhaji, ban ba ka shawarar haka ba. Giwan ruwa namu ne, ɗan gida ne a Tafkin Chadi da kogin Neja, a nan gida bai taɓa ƙarar da kifin kowa ba. Amma da aka kai shi Tafkin Biktoriya a shekarun 1950, zuwa shekarun 1980 ya mamaye tafkin, kuma ana ƙiyasta wajen iri 200 na ƙananan kifayen wurin sun ɓace. Baƙon kifi mai farauta in ya shiga ruwa ba a kiransa ya dawo, kuma dam ɗin gari ba na mutum ɗaya ba ne. In ruwa-biyu kake so, muna da namu, haɗin ramboshi da tarwaɗa, wanda ya saba da zafinmu kuma kasuwa ta san shi, amma a tafkin kiwo ake ajiye shi. Dam ɗin gari kuwa karfasa da bargi suka dace da shi. Ka zauna da sarkin ruwa da masuntan garin a amince da lokacin hana kamun kifi bayan an zuba, da girman idon kalli da za a yarda da shi, sannan ka tuntuɓi cibiyar binciken kifi da ke New Bussa a jihar Neja kan adadin da faɗin ruwanku zai ɗauka.