Me Ya Sa "Borrow" da "Lend" Suke Cakuɗe Mini?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai shirin rubuta jarrabawar Turanci, kuma na yi wata 3 ina haddace aikatau na Ingilishi tare da kishiyoyinsu, guda 20 a kowace rana. A takarda ina iya jero su ba tare da gargada ba, amma da zarar na buɗe baki sai su cakuɗe mini. Kwanan nan na ce wa malamarmu "borrow me your pen", ta gyara mini a gaban 'yan aji, har na ji kunya. A ina matsalar take, kuma wace hanya ce ta fi dacewa?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada wannan gyara ya sanyaya miki gwiwa, domin kuskuren da kika yi yana da tushe a cikin tsarin harshenmu, kuma idan kika gane tushen, gyaransa ba zai yi wuya ba.

Hausa tana yawan fitar da aiki da kishiyarsa daga saiwa ɗaya, ta hanyar sauya ƙarshen kalma ko ƙara "wa" da "masa". Muna cewa "na ari biro" da "na ara masa biro", ko "na sayi littafi" da "na sayar da littafi", ko "na koyi karatu" da "na koya masa karatu". Ingilishi kuwa ya ware wa kowane ɓangare kalmarsa daban: "borrow" ga mai karɓar aro, "lend" ga mai bayarwa, "buy" da "sell", "learn" da "teach". Lokacin da kika ce "borrow me", "ara mini" kika ɗauko kika sa mata rigar Turanci. Haka nan muke yi da wasalin "o" mai nuna cewa aikin yana tahowa wajen mai magana, kamar "kai" da "kawo", ko "fita" da "fito", alhali Bature zai ce "take" da "bring", ko "go out" da "come out". Saboda haka, kafin ki zaɓi kalma, ki tambayi kanki: abin daga hannun wa yake fita, kuma hannun wa yake shiga?

Game da haddar da kike yi, ina ganin ita kanta tana cikin abin da ke rikita ki. Masanin koyar da kalmomi ɗan ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya yi gargaɗi cewa koyon sababbin kalmomi biyu masu kishiyantar juna a zama ɗaya yana sa ɗalibi ya riƙe su duka amma ya manta wace ce ke ɗauke da wace ma'ana. Na ga gaskiyar haka a aji ba sau ɗaya ba. Abin da ya fi shi ne ki fara da wadda aka fi amfani da ita, ki yi kwanaki kina saka ta cikin jimlolinki har ta zauna, sannan ki kawo kishiyarta.

Ki kuma sani cewa aikatau ɗaya yana iya samun kishiya fiye da ɗaya, gwargwadon abin da ya biyo bayansa. Dubi "lose": idan wasa ne aka sha kaye, kishiyarsa "win" ce, idan makulli ne ya ɓata, "find" ce, idan ƙiba ce ta ragu, "gain" ce. Jerin da aka rubuta "lose" da "win" kawai ya ɓoye miki ma'anoni biyu cikin uku, shi ya sa nake roƙon ɗalibai su riƙa rubuta jimla cikakkiya a littafinsu maimakon kalma tsirara.

Ɗafa-goshi yana taimakawa, kamar "un" a "lock" da "unlock", ko "dis" a "agree" da "disagree", amma ba a sakin jiki da shi. "Disappoint" ba kishiyar "appoint" ba ce, ma'anarta ba wa mutum kunya ko yanke masa tsammani. Haka kuma kishiyar "put on", wato sa tufafi, "take off" ce, domin "put off" ɗage wani abu zuwa wani lokaci take nufi. Duk inda kika yi shakka ki duba ƙamus na masu koyo irin Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda yake kawo misalan jimloli kuma yakan nuna kishiyar wasu ma'anoni a ƙarƙashinsu.

Ki rage adadin daga 20 zuwa 5 a rana, ki haɗa kowace da sigarta ta shuɗaɗɗen lokaci, tun da "lend" tana komawa "lent", "teach" kuma "taught", sannan ki waiwaye su washegari da bayan mako guda. Idan kika sake buƙatar biron malamarku, kina da zaɓi biyu kuma dukkansu daidai ne: "please lend me your pen", ko kuwa "may I borrow your pen?"