Gidan zama ko gidan haya: wanne zan fara saya?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, ina da mata da yara, muna zaune a gidan haya. Na tara abin da zai sayi gida ɗaya, ba biyu ba. Abokaina na cewa in sayi wanda zan zuba 'yan haya ya riƙa kawo mini kuɗi. Iyalina kuma sun gaji da tashi daga wannan gida zuwa wancan. Wanne zan fara?

Amsa: Malam, Allah ya sa wa abin da ka tara albarka. Kafin mu shiga maganar gida, akwai abin da nake so ka amsa wa kanka tsakani da Allah: kuɗin nan rara ce, ko da jarin da kake juyawa a ciki? In da jari a ciki, ka cire shi gefe tun yanzu. A misali, jarin da ke ba ka ribar kashi 5 cikin 100 a kowane juyi, in ka juya shi sau shida a shekara, ya ba ka kashi 30. Da wuya ka sami gidan hayar da zai ba ka rabin wannan. Ɗan kasuwa ya gina katafaren gida shagonsa ya koma wayam, abu ne da ke damuna ƙwarai, domin shagon ne ya haifi gidan tun farko.

To, a ce rara ce. Shawarata ita ce ka fara da gidan zama, madaidaici, ba na nuna isa ba.

Abokanka suna lissafin hayar da za ta shigo, ba sa lissafin abin da za ta ci. Ɗauki gidan da ka saya a kan 100, hayarsa 7 a shekara. A cikin 7 ɗin nan za ka gyara rufin da ke yoyo, ka sake fenti duk lokacin da wani ya tashi, ka sallami dillali, ka biya haraji. Sannan ga watannin da gidan zai zauna a kulle kana neman mai shiga, ga ɗan hayar da zai riƙa ce maka "a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata" har shekara ta zagayo. In ka tsira da 4 ko 5, ka gode wa Allah. Kai kuwa kana can kana biyan taka hayar cif-cif, mai gidanka ba ruwansa da cewa naka 'yan hayar ba su biya ba.

Gidan da kake zaune a ciki shi ma yana kawo kuɗi, sai dai ba a ganinsu a hannu. Hayar da ka daina biya riba ce wadda ba ta makara, ba ta zama a kulle, ba a kai ƙara a kanta. Ga wanda samunsa yau akwai gobe babu, wannan babban abu ne: ranar da kasuwa ta tsaya, ba za a haɗa maka rashin ciniki da takardar tashi ba. Yara su zauna a makaranta ɗaya, uwarsu ta huta da ɗaure kaya. Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a ba wa dawa.

Amma akwai inda maganar abokanka ke da ƙarfi. Masu harkar gidaje suna da wani ma'auni mai sauƙi: ka raba farashin gida da hayarsa ta shekara. In amsar ta yi ƙasa da 15, saye ya fi. In ta haura 20, zaman haya ya fi arha, sai ka ci gaba da hayarka, ka sayi gidan haya a inda farashi ke ƙasa kuma masu neman wurin zama ke da yawa. Haka ma in ba ka da tabbacin za ka daɗe a garin da kake. Gida ba ya sayuwa da sauri. Mai son kuɗinsa cikin mako guda sai ya karyar.

In da hali, ka nemi gida mai sashe biyu ko mai shago a gaba, ku zauna a ɗaya, ɗayan ya riƙa ɗaukar nauyin gyara. Wannan ya fi kwanta mini a rai ga mai irin ƙarfinka.

Ka yi hattara da cin bashi don cika kuɗin gida bisa tunanin wai farashi ba ya sauka. Yana sauka. A Amurka farashin gidaje ya kai ƙololuwa a 2006, sannan ya faɗi, bankin Lehman Brothers ya durƙushe a watan Satumbar 2008, kuma miliyoyin mutane sun rasa gidajen da suka saya da bashi.

Duk wanda ka zaɓa, kada ka biya ko sisi sai lauyanka, ba na mai sayarwa ba, ya binciki takardun a ofishin filaye, ya tabbatar ba gidan gado ne da ake rigima a kansa ba, ba a kuma jinginar da shi ba. Sannan ka bar kuɗin cefane da na makaranta na wata shida a ajiye, ko da hakan zai sa ka sayi gidan da ya gaza wanda ka so da ɗaki ɗaya.